Malam Maharazu da Tambaya Ta Huɗu

Duk mai gona a bakin hanyar da ta taso daga Lausu ta shiga Rano ya san kukan keken Malam Maharazu. Fedar hagu ce take wannan ƙara. An sa mata man gyaɗa, an sa mata man keken ɗinki, ta ƙi yin shiru, har Malam ya haƙura ya ce wataƙila tasbihinta ke nan. Manoma ba sa ma ɗaga kai su duba. Da sun ji ta sai su ce, "Malam ya wuce," wanda ya makara ya san ya makara.

Kafin ya hau keken nan, in ya dawo daga masallaci ya gama wuridinsa, abu na farko da yake yi shi ne ya ɗauko wani agogon tebur mai ƙararrawa a ka, ya murɗa shi, ya kara a kunne, sannan ya naɗe shi a tsohon rawani ya sa a jaka. Matarsa, Uwa, ta ce ko kunu ba ya kurɓa sai ya ji agogon yana tafiya. A cikin jakar kuma akwai alli, da ɗan ɗaurin sillen kara da ya fere daidai tsawon tafin hannu. Yakan riga kowa isa makaranta. Ya goge allo da kansa, ya rubuta lissafi ɗaya, a ƙarƙashinsa amsa huɗu, ya jawo kujera bakin ƙofa ya zauna. Duk ɗalibin da zai shiga aji sai ya gaishe shi, ya leƙa allon, sannan ya raɗa masa magana a kunne. Ba amsar gaskiya yake so a faɗa masa ba. Tambayarsa kullum ita ce, "Wacce ce a cikin huɗun nan ba za ta taɓa yiwuwa ba?"

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana koyar da lissafi a ƙasar Rano, kuma ƙarshen wannan zango zai ajiye alli, don idonsa ya soma yin yana. Ba a taɓa buga sunansa a takarda ba, ba a taɓa kiransa Kano an rataya masa lamba ba. Shi ya sa ni Shitu, tela a kasuwar Kibiya, na aro alƙalami. Karatuna a aji bakwai ya tsaya, in kun ga tuntuɓe a rubutun ku yi mini uzuri, na fi sabawa da allura.

Agogon nan da tambayar bakin ƙofa, ba da su Malam ya fara aiki ba. Mu muka jawo su, 'yan ajin shekarar da aka sami mulkin kai.

Mu goma sha tara ne muka zauna jarrabawar shiga makarantun gaba. A da, lissafi goma ake bayarwa, ka baje aikinka a takarda, mai dubawa ya bi ya ga inda ka dace da inda ka kauce. A kan haka Malam ya shirya mu. To a shekarar sai takardar ta zo da sabon salo, kuma labarin bai iso mana ba sai da aka raba ta. Tambaya hamsin cikin sa'a ɗaya, kowacce da amsa huɗu an buga a ƙarƙashinta, A, B, C, D, ka zaɓi ɗaya ka yi mata alama a wata takarda dabam.

Ko ɗayanmu bai ci ba. Ajin da Malam da bakinsa yake cewa bai taɓa samun irinsa ba.

Da wani malamin ne, sai ya ce babu rabo, ya shafa fatiha ya jira 'yan baɗi. Shi kuwa hutun nan gaba ɗaya a kan keke ya yi shi. Ya je Kahu, ya je Kibiya, ya bi ƙauyukan bayan dutse, ya shiga rugar Fulani inda ɗayanmu ya koma kiwo. Kowa tambaya ɗaya ya yi masa: "A kan wace lamba kake aka karɓe takardarka?" Mu goma sha huɗu amsa ɗaya muka ba shi. Ta huɗu.

Har yau ina iya karanto ta da ka. Famfo ɗaya yana cika tanki cikin sa'a shida, wani famfon yana cika shi cikin sa'a uku. In an buɗe su tare, sa'a nawa za a yi? Tara, ko huɗu da rabi, ko biyu, ko goma sha takwas.

Gaskiya ne yawancinmu ba mu taɓa ganin famfo ba a lokacin. Amma ba wannan ne ya ka da mu ba. Tarbiyyarmu ce ta ka da mu. Dukkanmu da makarantar allo muka fara, inda ba a wanke maka allo a ƙara maka gaba sai ka biya na jiya babu gargada. Dukkanmu 'ya'yan manoma ne, mun san a wurin gayya in ka kama kunyar noma ba ka tsallake ta don ciyawarta ta yi kauri, in ka yi haka har ranar aurenka ana tuna maka. Saboda haka bai ma faɗo mana a rai ba cewa ana iya barin ta huɗu a tafi ta biyar. Na zauna a kanta ina gumi, na cika gefen takarda da lissafi, na goge, na sake cikawa, har mai tsaron jarrabawa ya ce a ajiye fensir. Sauran arba'in da shidan ko kallonsu ban yi ba. Daga baya da aka karanta mini wasu daga ciki, wallahi akwai waɗanda ko daga barci aka tashe ni zan amsa.

Mato na Kahu shi nasa kuskuren dabam ne. Ya wuce ta huɗu lafiya lau, amma duk tambayar da ya iso sai ya yi wa amsoshin huɗu duka alama.

Malam ya ce masa, "Mato, me ya kai ka?"

Ya ce, "Malam, takardar Gwamnati ce fa, da inji aka buga ta. Ni wane ne da zan ce uku daga ciki ƙarya ne?"

Uwa ta ce ranar da Malam ya dawo daga Kahu ya ba ta labarin nan, ya yi dariya har da hawaye. Dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba.

Ni ya zo wa a ƙarshe. Shekaruna sun wuce na sake zama, har an riga an kai ni wurin kawuna koyon ɗinki. Ina zaune ina warware zare sai na ji kukan fedar nan a ƙofar rumfa. Ya gaisa da Kawu, sannan ya zo ya tsuguna a gabana.

Ya ce, "Shitu, gafararka na zo nema. Shekara uku ina koya maka yadda ake warware lissafi, ban taɓa koya maka yadda ake barinsa a wuce ba. Laifina ne, ba naka ba. Ka yafe mini?"

Ina ɗan shekara goma sha biyar, ga babban mutum mai furfura a tsugune a gabana, malamina kuma. Nauyin abin ya ɗaure mini harshe. Na sunkuyar da kai ina ta murza zaren. Ya jira, ya ƙara jira, sannan ya dafa kaina, ya miƙe ya hau kekensa. Ban ba shi amsa ba.

Da aka koma makaranta sai ga shi da agogo. Mu yaran karkara da inuwa da kiran salla muke gane lokaci, babu wanda ya taɓa yin aiki ana ƙirga masa minti. An ce ranar farko da ƙararrawar ta kaɗa, rabin ajin sun nufi taga. Ya bari suka gama dariya, sannan ya fitar da su gindin mangwaron makaranta.

Ya ce, "Mai bishiya ya ba ku izni, amma ya ce kafin ya dawo daga alwala ku tashi. Wanne za ku fara ɗauka?"

Suka ce, "Na ƙasa, Malam."

"Sannan?"

"Wanda sanda za ta kai."

"Wancan ja na can ƙololuwa fa, wanda tun ɗazu nake ganin kuna haɗiyar yawu a kansa?"

"Sai a ƙarshe, a gwada jifa."

Ya ce, "To haka takardar nan take. Kowace tambaya maki ɗaya ce, mai wuya da mai sauƙi. Wanda ya fara da na ƙololuwa da yunwa zai koma gida."

Tun daga ranar tambayoyi suka sami suna a ajin Malam: ta ƙasa, ta sanda, ta jifa. Ka bi takarda zagaye na farko ka tsince na ƙasa. Wadda ta yi maka gardama ka ɗiga mata ɗan ɗigo a gefe ka wuce, ba gudu ka yi ba, alkawari ka yi mata za ka dawo. Da gangan yakan dasa wata ƙatuwar tambaya a lamba ta biyu, ya murɗa agogo ya zauna yana kallo. Wanda ƙararrawa ta same shi a kanta, ba bulala, sai dai ya ce, "Wane ya kwana a gindin bishiya." Wannan maganar ta fi musu bulala ciwo.

Sillen karan kuwa wata yarinya ce, Jummai, ta jawo shi. A gwaji ta tsallake tambaya yadda aka koya mata, amma ta manta ta tsallake gidanta a takardar amsa, sai duk amsoshinta suka zame gida ɗaya, kamar rigar da aka fara ɓalla wa maɓalli a ramin da ba nasa ba. Ni tela na san wannan ciwon. Washegari Malam ya zo da kara a fere, kowa ya ba shi ɗaya, ya ce a riƙa shimfiɗa shi a ƙarƙashin layin da ake kai, a duba lambar tambaya a duba lambar gida kafin fensir ya sauka. Yakan kuma ce in hanyar lissafi ta ɓace maka daga gaba, ka ɗauki amsoshin ka gwada wa tambayar kamar mai gwada hula a kasuwa. Fara da matsakaiciya. In ta yi maka yawa, wadda ta fi ta girma ba sai ka taɓa ta ba.

Kada wani ya ɗauka dabara ta ture karatu a ajin nan. Sau biyu sau biyu da kasa-kashi suna nan kowace safiya kamar da. Yakan ce, "Dabara ba ta cika rumbu, noma ke cika shi. Ita dabara toshe ramin ɓera ce." Shekarar da ta biyo bayan tamu yara huɗu suka ci. Ta gaba, bakwai.

Ƙanwata Lubabatu tana zaune a wurin gwaggonmu Ramlatu a Rano, a nan ta shigo ajin Malam. Wani hutu ta zo gida, ina yankan yadi a tsakar gida, sai ta ce, "Yaya, ka san tambayar famfo?"

Na ce na ɗan san ta.

Ta ce, "Malam ya ce mu manta da famfo. Maijidda tana cika randa ita kaɗai cikin sa'a uku. Sai Saude ta zo taya ta. Ya ce aikin zai fi sa'a uku daɗewa? Wani ɗan ajinmu, Habu, ya ce in suka tsaya hira zai fi. Malam ya ce to ban da hira. Ka ga ke nan tara ta fita, goma sha takwas ta fita, huɗu da rabi ma ta fita, don duk sun fi uku. Saura biyu. Ko fensir ba mu ɗauka ba, Yaya!"

Na ce mata madalla. Na ajiye almakashi na zagaya bayan rumbu na ɗan zauna. Shekara uku ke nan tambayar tana bina har cikin mafarki, ashe ƙofarta a buɗe take.

Lubabatu ta fi ni kai nesa ba kusa ba, kuma tun tana ƙarama malanta take so. Amma sau ɗaya tak shekarunta suka ba ta damar zama jarrabawar, kuma ba za a sa sunanta ba sai uba ya sa hannu a takardar yarda. Ranar Alhamis za a aika da takardun. Ranar Talata ta kawo takardar gida, Baba ya ce ba zai sa ba.

Mahaifinmu, Malam Ishiyaku, ba mai ƙin karatu ba ne. Amma ya ji a kasuwa ana cewa Malam Maharazu yana koya wa yara canki-canka, wai in ba ka san amsa ba ka zaɓi ɗaya kawai. Ya ce shi bai haifi 'yar caca ba. Ya ƙara da cewa ya ba boko ɗa ɗaya an dawo masa da shi da karyayyar zuciya, ba zai ba da ta biyu a koya mata faɗin abin da ba ta sani ba. Lubabatu ba ta yi kuka a gabansa ba. Inna ce ta ce mini ta ƙi taɓa tuwo.

Ranar Laraba bayan la'asar muka ji fedar nan a ƙofar gida. Daga Rano zuwa Kibiya ba nan kusa ba ne ga mutum mai shekarunsa. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kawo ruwa, na koma gefe na zauna. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi maganar gyaɗar bana, har na fara zaton Malam ya manta abin da ya kawo shi.

Can sai Baba ya ce, "Malam, na san abin da ke tafe da kai. Ina ganin girmanka, amma caca caca ce ko da fensir aka yi ta."

Malam ya ce, "Gaskiyarka, Malam Ishiyaku. Yaron da ya rufe ido ya dangwala fensir, ni ma ba na kiransa ɗalibina. Amma ina da tambaya. An ce da ƙuruciya ka yi fatauci da jakuna."

"Shekara tara."

"Ya taɓa faruwa hadari ya rufe rana kana tsakiyar daji, hanya ta yi ta karkacewa cikin duwatsu har ka rasa gabas, ga azahar tana neman wucewa?"

Baba ya ce, "Ya faru, ba sau ɗaya ba."

"Sai ka bar sallar, tunda ba ka da tabbacin alƙibla."

Baba ya ɗago kai da sauri. "Subhanallahi! A bar salla?"

"To yaya ka yi?"

"Na duba inda hadarin ya taso, don hadarinmu daga gabas yake zuwa. Na tuna inda rana take kafin ta ɓuya. Sai na ga nan ba zai yiwu ba, nan ma ba zai yiwu ba. Sauran biyun na ɗauki wadda zuciyata ta fi kwanciya da ita, na kabbara."

Malam ya ce, "Caca ka yi ke nan."

Baba ya ce, "A'a. Iyakar ƙoƙarina na yi, saura na bar wa Allah."

Malam ya miƙa hannu. Ya ɗauki moɗa ya kurɓi ruwa. Na ga gemun Baba yana motsi, alamar yana danne murmushi, amma Baba ba ya faɗuwa da kokawa ɗaya.

Ya ce, "Ai kuwa na ji wasu malamai sun ce in abin ya rikice ƙwarai, mutum ya yi salla huɗu, kowace kusurwa ɗaya."

Malam ya ce, "Mato na Kahu ya gwada wannan a shekarar su Shitu. Masu jarrabawa ba su karɓa ba."

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya ce in kawo tawada. Ya rubuta sunansa da ajami a ƙasan takardar, sannan ya sa aka kira Lubabatu. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

Ya ce, "Na sa hannu. Sharaɗina ɗaya ne. Wadda kika sani, ki amsa. Wadda ba ki sani ba, ki nemi alƙiblarta da hankali, ba da rufe ido ba. In kin dawo ki faɗa mini gaskiya guda nawa kika yi wa haka."

Ta ce, "To, Baba."

Ranar jarrabawa na rufe rumfa na tafi Rano. Ba a barin malaman makaranta su matso kusa da ajin, saboda haka na tarar da Malam a gindin mangwaron nan, agogo a cinyarsa, ko da yake ba shi da wani amfani a wurin. Daga inda muke ana hango tagar ajin, kuma Allah ya sa Lubabatu a gefen taga take. Mai tsaron jarrabawa ya ɗauki sillen karanta ya juya shi, ya ga kara ne kawai, ya mayar mata.

Malam ya ce, "Shitu, idona ba ya kaiwa. Ara mini naka. Me take yi?"

Na ce, "Tana rubutu."

Jim kaɗan ya ce, "Yanzu fa?"

Na ce, "Ta tsaya, Malam."

"Ta juya shafi?"

"Tukuna."

Na san wannan zaman. Kai a sunkuye, kafaɗa ta ɗaure, fensir yana kai da kawowa a wuri ɗaya. Ni na yi shi, a ajin nan, kusa da tagar nan. Agogo yana ta tafiya a cinyar Malam, minti ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Na ji bakinsa yana motsi a hankali. Da na kasa kunne sai na ji ba addu'a ba ce, cewa yake, "Ɗiga ki wuce, 'yata. Ɗiga ki wuce."

Ya sake cewa, "Ta juya?"

Na buɗe baki zan ce tukuna, sai na ga hannunta ya ɗaga, ya taɓa gefen takardar sau ɗaya, ta ja karan ƙasa. Can kuma sai ga farin shafi ya wulga.

Na ce, "Ta juya, Malam."

Ya sauke wani dogon numfashi, ya naɗe agogon a rawaninsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Sauran na Allah ne."

Da ta fito ta ce mana ta shida ce, wani lissafi a kan jirgin ruwa. Ta ce da ta bar ta ji ta yi kamar ta ajiye jariri a bakin hanya ta tafi. Amma ta tsince na ƙasa, ta dawo da sanda, har ta sami sauran lokacin jifa.

Da yamma a gida, kafin ta kwance ɗankwali, Baba ya kira ta.

"Guda nawa?"

"Uku, Baba. Biyu na fitar da amsa biyu-biyu kafin in zaɓa. Ɗayar kuwa guda ɗaya kawai na iya fitarwa."

Ya ce, "To, Allah ya karɓa."

Allah kuwa ya karɓa. Bayan wata uku takarda ta zo wa hedimasta, an ɗauki Lubabatu a makarantar horon malamai mata a Kano. Yanzu tana ƙare shekararta ta farko. Da za ta tafi, Baba da kansa ya fere mata sillen kara guda biyar ya sa a akwatinta, ya ce wataƙila a birni babu kara.

Malam Maharazu, yanzu da kai nake. Kai ne rijiyar bakin hanya, mai wucewa ya sha ya tafi bai tambayi wanda ya haƙa ba. Kai ne wanda yara goma sha tara suka faɗi, ka ƙi ɗora musu laifi, ka hau keke ka bi su gida gida har ka gano inda ƙaya ta soke su. Ba ka ce tarbiyyar iyayenmu ba ta da kyau ba. Ka dai nuna mana kowace gona da irin nomanta. Akwai malamai yanzu, akwai ma'aikatan asibiti da na gona, da suka fito ta ƙofar da kake zama a bakinta kowace safiya. Na ji an ce ka bar wa sabon malami agogon, ka nuna masa yadda ake murɗa shi ba tare da an tsinka masa wani abu ba, ka kuma ce masa kada ya ji tsoron dasa babbar tambaya a lamba ta biyu. Uwa ta ce ba ta san yadda za ka sha kunu ba yanzu.

Ga sauran malamai da za su karanta wannan, ba ni da ilmin da zan yi muku wa'azi. Roƙo ne kawai. In yaranku suka faɗi, kafin ku ce ba su da ƙoƙari, ku je ku tambaye su a kan wace lamba aka karɓe takardarsu. Ku kuma iyaye irin Baba, in malami ya taka har zaurenku, ku ba shi tabarma ku saurare shi.

Saura abu ɗaya, Malam. Shekara biyar da suka wuce ka tsuguna a rumfar Kawu ka yi mini tambaya, ta fi ƙarfina, na yi shiru. Tun daga ranar muna haɗuwa, muna gaisawa, na ɗinka maka riga har sau biyu, ba ka sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba. Kai ka koyar cewa wanda ya ɗiga wa tambaya ɗigo ya wuce, alkawari ya yi zai dawo mata kafin ƙararrawa. To ga shi na dawo. Na san idonka ba zai iya karanta wannan ba, Lubabatu za ta karanta maka in ta zo hutu, kuma na roƙe ta in ta iso nan ta ɗaga murya.

Na yafe, Malam. Tun ranar na yafe, baki ne ya ƙi buɗewa. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta lafiya.